Ruwa Yakan Bi Hanyar da Aka Yi Masa: Yadda Ake Rabuwa da Shaye-shaye ta Gyaran Tunani

Wannan takarda taku ce, ku mutanen Kura, da Bunkure, da Garun Malam, da sauran garuruwan da ke noma da ruwan Tiga. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Maigida ya tara iyalinsa bayan sallar isha'i a karanta a hankali. Kada a bar mata da samari a baya, gama maganar ta shafi kowa.

ALBARKA DA ABIN DA YA BIYO BAYANTA

Dattawanku sun san yadda ƙasar nan take kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A da, da an kai amfanin gona gida sai samari su tafi cin rani. Yanzu kuwa ruwa yana gudana rani da damina. Ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir, ga albasa. Motoci suna lodi a Kwanar Gafan su nufi Kudu. Wannan albarka ce, mun gode wa Allah.

Amma aikin da ba ya yankewa yana cin jiki. Wanda ya yini a sunkuye yana dashen shinkafa, ko ya yini yana dakon kwandon tumatir cikin rana, ya san abin da muke nufi. To, a nan ne wani zai miƙo wa yaro ƙwaya ya ce, "Sha wannan, ba za ka ji gajiya ba." Ranar farko gaskiya ya faɗa. Yaro zai yi aikin mutum biyu. Bayan wata guda ƙwaya ɗaya ba ta isarsa, sai biyu. Bayan shekara, ba don ya yi aiki yake sha ba, aiki yake yi don ya sami kuɗin sha.

Tiramol maganin ciwo ne na gaske in likita ya rubuta shi. Wanda hukuma ta yarda da shi a Nijeriya shi ne mai lamba 50 da mai lamba 100, kuma likita ba ya bari babban mutum ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa har da mai lamba 225. Ka ga ke nan ƙwaya biyu kaɗai sun haye iyaka. Shi ya sa za ka ga saurayi lafiyayye ya faɗi a gona yana jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Ba garinku kaɗai abin ya sama ba. Gwamnatin Tarayya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi sun yi ƙidaya, suka fito da sakamako a farkon 2019. Suka sami mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, waɗanda suka taɓa kayan maye a cikin shekara ɗaya. A Jihar Kano 16 ne cikin kowane 100. Kuma cikin kowane huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A watan Mayu na 2018 Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin, ta hana shigo da shi. Hanin ya yi amfani, amma bai cire jarabar daga zukatan waɗanda suka riga suka kamu ba. Wanda ya rasa kodin sai ya koma wa tiramol, ko wiwi, ko sholisho.

ME YA SA DUKA DA MARI BA SU WARKARWA?

Iyaye da yawa sun yi faɗa har sun gaji. Waɗansu sun yi duka. Waɗansu sun kai 'ya'yansu gidan mari, ba don ƙiyayya ba, sai don ba su san wata hanya ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, waɗansu da mari a ƙafa, da tabon bulala a baya. Ba a daɗe ba aka sami irinsa a Daura. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Wannan doka ta hana a azabtar da mai irin wannan larura, ko a ɗaure shi da sarƙa.

Ka tambayi kanka, kai manomi. In ruwa ya ɓalle daga kwami ya bi ta inda ba ka so, dukan ruwan kake yi? A'a. Ɓarakar kake nema ka toshe, sa'an nan ka gyara masa hanyar da kake so ya bi. Mari yana tsare ƙafa, amma ba ya tsare tunani. Ranar da aka kwance yaro, in ya komo ya tarad da abokansa na da, da gajiyarsa ta da, da tunaninsa na da, lalle ruwa zai koma tsohuwar hanyarsa.

MAGANIN DA BABU ALLURA

Akwai wani magani da ake yi da magana da aiki. Sunansa gyaran tunani da ɗabi'a. Likitoci suna taƙaita shi da harufa uku, CBT. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Aaron Beck ya tsara shi a birnin Filadelfiya na Amurka cikin shekarun 1960. Ya rasu a 2021 yana da shekara 100. Abin da ya lura shi ne, masu baƙin ciki da ke zuwa wurinsa suna da waɗansu tunane-tunane masu giftawa da sauri, irin su "ni ba ni da amfani", kuma suna gaskata su ba tare da bincike ba. Da ya koya musu su tsaya su bincika, sai da yawa suka sami sauƙi. Daga baya aka gwada hanyar a kan masu shaye-shaye, aka ga tana taimako.

Kada ka ce wannan abin Turawa ne, baƙo ne gare mu. Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya shawarci mutum ya tanadi tunani nagari tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a ɗaki saboda ranar ciwo. Wannan shi ne tushen abin da ake koyarwa yau.

Yadda ake yi shi ne, mai larura ya zauna da wanda aka koya wa aikin, ko likita, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko malamin asibiti. Akan zauna sau ɗaya a mako, kamar awa guda, har mako 6 zuwa 20, gwargwadon larura. Ba wa'azi ake yi masa ba, ba kuma tuhuma ba. Sana'a ake koya masa, a ba shi aikin da zai gwada a gida kafin zama na gaba.

MASHIGI HUƊU

Mutane sukan ce, "Haka kawai na ga na sha." Ba haka kawai ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ƙwaya ta kai baki sai an bi ta mashigi huɗu.

1. Abin da ya faru.
2. Abin da zuciya ta raya.
3. Abin da aka ji a rai da jiki.
4. Abin da aka aikata.

Ga misali. Mu ce wani saurayi ya ci bashi ya shuka tumatir. Ranar da ya kai kasuwa kaya suka yi yawa, kwando ya faɗi warwas. Wannan shi ne mashigi na ɗaya. Yana tafe gida zuciyarsa tana cewa, "Shi ke nan, na tashi aiki. Ni kome na taɓa sai ya lalace. Da wane ido zan dubi baba?" Wannan na biyu ke nan. Sai ƙirjinsa ya yi nauyi, kunya ta rufe shi, jiki ya mutu. Na uku ke nan. Sai ya ratse wurin mai ƙwaya. Na huɗu.

Yanzu dubi maƙwabcinsa. Kasuwa ɗaya suka ci, asara ɗaya suka yi. Amma shi zuciyarsa ta ce, "Bana an faɗi. Ba ni kaɗai ba ne. Sauran in yanka in shanya, in sayar da kauɗa in ta yi daraja." Shi ma ransa ya ɓaci, amma gida ya wuce ya ɗauko wuƙa.

Ka ga ba faɗuwar kasuwa ce ta kai na farko wurin mai ƙwaya ba, abin da ya gaya wa kansa ne. Mashigi na ɗaya ba a hannunka yake ba. Ba kai ke sa farashi ba, ba kai ka aiko da tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 ba. Amma na biyu da na huɗu suna da ƙofa, kuma ana koyon rufe ta. Ga ayyuka shida da ake koyarwa.

AIKI NA 1: GANE ƁARAKA

Mako guda cur, duk lokacin da ƙishin ƙwaya ya taso maka, ka lura da abu huɗu: wane lokaci ne, ina kake, da wa kake tare, me zuciyarka ta ce. In ka iya boko ko ajami, ka rubuta a ɗan littafi. In ba ka iya ba, ka gaya wa wani amini da dare ya rubuta maka. Ko kuwa ka ajiye gwangwani uku, na safe, na rana, na dare, duk ƙishin da ya taso ka jefa tsakuwa ɗaya.

Bayan mako za ka yi mamaki. Za ka ga abin yana da lokacinsa. Ga wani, da asuba ne kafin a shiga kwami. Ga wani, ranar da aka biya kuɗin ƙwadago. Ga wani, bayan sun yi cacar baki da matarsa. Ga wani, da zarar ya zauna a wata majalisa. Waɗannan su ne ɓarakarka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

AIKI NA 2: KAI TUNANI GABAN ALƘALI

Alƙali ba ya yanke hukunci don mai ƙara ya ɗaga murya. Sai ya ce a kawo shaidu. Haka za ka yi wa tunaninka. In ya zo, ka tambaye shi: ina shaidarka? Akwai shaidar da ta ƙaryata ka? In ƙanena ne ya faɗi haka, me zan ce masa? Ga waɗansu masu ƙara da suka saba zuwa.

Zuciya ta ce: "In ban sha ba, ba zan iya aiki ba."
Amsa: "Shekara nawa na yi ina aiki kafin in san ƙwaya? Kakana ya noma wannan ƙasa da fura da tuwo. Gajiyar da nake ji yanzu, rabinta ta rashin ƙwayar ce, kuma za ta wuce."

Zuciya ta ce: "Ɗaya kawai, daga yau shi ke nan."
Amsa: "Sau nawa na faɗi haka? Sau nawa ta tsaya a ɗaya?"

Zuciya ta ce: "Na riga na lalace, kowa ya san ni ɗan ƙwaya ne."
Amsa: "Ina shan ƙwaya, gaskiya ne. Amma ni ne na kai inna asibiti bara. Ni ne na iya dashe fiye da kowa a gidanmu. Wanda ya lalace ba ya jin kunya, ni kuwa ina ji."

Zuciya ta ce: "Kowa ma yana sha."
Amsa: "Bari in ƙirga. A ƙidayar Kano 16 ne cikin 100. Sauran 84 fa?"

Lura, ba yaudarar kai ake nufi ba. Ba a ce ka gaya wa kanka kome lafiya lau alhali ga bashi a wuyanka. Gaskiya ake nema, amma cikakkiya, ba rabinta mai duhu kaɗai ba. Ka shirya amsoshinka tun kana cikin natsuwa, ka haddace su, kamar yadda malamin nan na Balkh ya ce a tanada.

AIKI NA 3: BAR ƘISHI YA WUCE

Mai jaraba yana tsammani in bai sha ba ƙishin zai yi ta hauhawa har ya kashe shi. Ba haka ba ne. Ƙishin ƙwaya kamar guguwa yake. Yakan taso, ya yi ƙarfi, ya lafa da kansa, galibi cikin rabin awa ko ƙasa da haka. Duk lokacin da ka bar shi ya wuce ba ka sha ba, ka rage masa ƙarfi. Duk lokacin da ka sha, ka ciyar da shi.

In ya taso, kada ka ce "har abada ba zan sha ba", wannan nauyi ne mai yawa. Ka ce, "Ba yanzu ba, sai bayan la'asar." Sa'an nan ka tashi daga inda kake. Ka sha ruwa. Ka yi alwala. Ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali ta baki, sau goma. Ka nemi wani mutumin kirki ka zauna kusa da shi. In la'asar ta yi, ka sake ɗaga masa zuwa magariba.

AIKI NA 4: KOYON CEWA A'A

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In da hali ka canja majalisa, ka canja hanyar da kake bi zuwa gona, ka share lambar mai sayarwa daga wayarka. Amma gari ɗaya kuke, tilas wata rana a miƙo maka. Saboda haka sai ka gwada tun a gida. Wanka ko amininka ya zama kamar mai tayi, ya matsa maka sosai. Kai kuwa ka dube shi ido da ido ka ce, "Na daina. Kada ka ƙara yi mini tayi." Kada ka ce "ba yau ba", gama gobe zai komo. Kada ka tsaya dogon bayani. Ka faɗa, ka wuce. Ku maimaita har bakinka ya saba.

AIKI NA 5: CIKE GURBI

Gonar da aka nome aka bari ba shuka, ciyawa ce za ta komo. Lokacin da kake ɓatawa wurin shaye-shaye, tilas a sa wani abu a wurinsa. Kowane dare ka tsara gobe: aikin safe, hutun rana, makarantar dare, ƙwallo, kiwon 'yar akuya, ziyarar dangi. Ka karya kumallo kafin ka fita, ka tafi da ruwan sha, ka huta a inuwa in rana ta take. Ranar biya, kada kuɗi su kwana a aljihunka. Ka damƙa wa wanda ka amince da shi, ko ka zuba a adashi.

Ku kuma masu gona da ke ɗaukar 'yan ƙwadago, akwai naku. Wanda ya ɗora wa yaro aikin mutum biyu a yini ɗaya, ya san da me yaron zai yi shi.

AIKI NA 6: KASA DAMUWA KASHI-KASHI

Ba a ɗaukar buhu goma a kai ɗaya. In damuwa ta taru, bashi, da rashin lafiya, da rigimar gida, ka zaɓi ɗaya tak. Ka lissafa duk hanyoyin da za a iya bi, ko da waɗansu sun yi kamar wauta. Ka auna kowace. Ka ɗauki mai sauƙi, ka sa ranar da za ka fara. Misali: "Ran Laraba bayan azahar zan tafi da kawu wurin mai bashi, mu roƙi a raba biya uku." In mako ya kewayo ka duba abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba.

IN AN ZAME FA?

Zamewa takan faru. Likitoci a Amurka sun ƙiyasta 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar jaraba sukan koma sha ko sau ɗaya, kamar yadda mai hawan jini yakan koma ciwo in ya saki magani. Haɗarin ba a zamewar yake ba, a tunanin da ke biyo ta yake: "Tun da na karya, bari in sha in more." Wanda santsi ya kayar a bakin kwami ba ya kwanciya cikin taɓo ya ce shi ke nan. Tashi yake yi. Ka gaya wa mai taimakonka a ranar, ku duba ta wace ɓaraka ruwa ya shigo, ku toshe.

Amma ga gargaɗi. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure abin da yake sha a da. In ya koma ya sha daidai na da, yana iya mutuwa.

BA MASU SHAYE-SHAYE KAƊAI BA

Wannan hanya tana taimakon mai yawan damuwa, da mai fargaba, da mai baƙin cikin da ya ƙi wucewa. Ke uwargida, ki lura da kanki da 'yan'uwanki. Macen da ta yi mako biyu ko fiye ba ta barci sosai, ba ta jin daɗin abinci, ba ta sha'awar abin da ta saba so, tana kuka ba dalili, musamman mai jego, ba lalaci ke damunta ba, ba kuma rashin godiya ba. Ciwo ne, yana da magani. Waɗansu matan irin wannan ciwo ne ya kai su ga kwalbar maganin tari a bayan gado.

A ƙasar Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya ga likitocin ƙwaƙwalwa sun yi kaɗan ƙwarai. Sai ya koya wa tsofaffin mata irin aiki na 6 da muka faɗa, aka sa musu benci a harabar asibiti, masu damuwa suna zuwa zama shida. A 2016 aka buga sakamakon gwaji a birnin Harare. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna a bencin, 14 cikin 100 ne suka rage da alamun baƙin ciki. Cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa, 50 ne. A ƙauyukan Rawalfindi na Pakistan ma an koya wa mata ma'aikatan lafiya masu shiga gida-gida, suka taimaki masu ciki da masu jego, ciwon ya ragu da wajen rabi. Ka ga ashe ba sai mai babban digiri ba. Wanda aka koya wa sosai, ana kuma duba aikinsa, yana iyawa.

AIKIN MUTANEN GIDA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon ya kulle masu taɓin hankali, sai ya saukar da su a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa magani da rana, suna kwana cikin mutane. Duniya ta yaba da wannan dabara. To, ga naku aikin.

1. Ku yi masa magana lokacin da yake cikin hankalinsa, ba lokacin da yake buge ba, kuma ba a gaban mutane ba.
2. Ku kira shi da sunansa. Kada ku kira shi ɗan ƙwaya. Sunan da aka liƙa wa yaro shi yake zama.
3. In ya yi kwana uku bai sha ba, ku nuna kun gani, ku sa masa albarka. Yabo a kan ƙaramin ƙoƙari ya fi zagi a kan babban laifi amfani.
4. Ku ba shi abinci da wurin kwana, amma kada ku ba shi kuɗi a hannu, kada kuma ku riƙa rufe masa ɓarnar da ya yi.
5. Mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin raka shi asibiti kowane mako.
6. Ku ci gaba da addu'a. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Manomi yakan roƙi Allah albarka, sa'an nan ya ɗauki fartanya.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

LOKACIN DA MAGANA KAƊAI BA TA ISA BA

Gyaran tunani ba ya maye gurbin likita. Wanda ya daɗe yana shan tiramol ko kodin, in ya daina zai yi ciwon jiki, da gumi, da zawo, da hamma, da rashin barci. Abin yakan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya fara sauƙi bayan kamar mako guda. Likita yana da maganin da zai rage wannan wahala. Wanda kuwa ya saba da ƙwayoyin sa barci, irin su diyazefam, ko ya daɗe yana shan giya kullum, kada ya yanke rana ɗaya. Yin haka yana kawo jijjiga, har da mutuwa. Sai likita ya rage masa sannu-sannu.

Ku kai mutum asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne:

1. in ya faɗi yana jijjiga;
2. in an tashe shi ya ƙi tashi, numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓensa ya canja launi. Ku kwantar da shi a gefensa, kada ku ɗura masa madara ko manja;
3. in yana jin muryoyi, ko yana ganin abin da babu;
4. in ya ce ya gaji da duniya, ko zai kashe kansa. Kada ku ɗauka wasa ne. Kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kulle maganin ƙwari da na feshi, da fiya-fiya, mabuɗi a hannun maigida.

INA ZA A JE?

Ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku, ku gaya wa malamin asibiti gaskiya: abin da ake sha, guda nawa, tun yaushe. Ba ɗan sanda ba ne, aikinsa ya rufa muku asiri. In abin ya fi ƙarfinsa zai tura ku gaba. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kamun masu fatauci tana da masu ba da shawara ga wanda ya kawo kansa. In kun je, ku tambaya a fili: "Akwai wanda zai zauna da shi ya koya masa gyaran tunani?" Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace, kamar yadda zuwa asibitin ido ba ya nufin ya makance.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Jaraba ciwo ce, tana da magani. Mari ba magani ba ne.
2. Tsakanin abin da ya same ka da ƙwaya akwai tunani. Kai shi gaban alƙali.
3. Ƙishi yakan wuce da kansa. Ce masa ba yanzu ba.
4. Zamewa ba ƙarshen tafiya ba ce. Tashi a ranar.
5. Kada a yanke ƙwayar barci ko giya sai da likita.

Hanyar da ruwa ya yi shekaru yana bi ba ta cikewa rana ɗaya. Kullum sai an ƙara mata ƙasa, ana kuma share sabuwa, har ruwa ya saba. Ka fara da aiki na 1 yau da dare. In ka gama karanta wannan takarda kada ka jefar, ka miƙa wa maƙwabcinka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.